Ajin Italiyanci na Birnin Kebbi da abin da ya yi mini a kan duwatsun Oropa

A watan Satumba, lokacin da shinkafar damina ta fara nuna a fadamarmu ta Argungu, masana'antar casar shinkafar da nake yi wa aiki ta tura ni Italiya tare da wani abokin aikina ɗan Jega, domin mu yi mako uku muna koyon kula da sababbin injinan da aka sayo daga can. An sauke mu a Vercelli, wani gari da ke shimfiɗe a fili tsakanin Milan da Turin, wanda yankinsa da na maƙwabtansa Novara da Pavia ne ke noma mafi yawan shinkafar Italiya, ita kuwa Italiya ita ce kan gaba wajen noman shinkafa a Tarayyar Turai. Wata biyu kafin tafiyar na shiga wani ajin koyon Italiyanci da ake yi a Birnin Kebbi, kuma tun da na dawo mutane da dama suke tambayata ko ajin ya cancanci kuɗinsa da wahalar zirga-zirga daga Argungu duk ranar Asabar. Ina ba su amsa cewa ya cancanta, amma akwai wani giɓi babba a cikinsa wanda ban gane shi ba sai da na tsaya a wata mararraba a kan dutse, hazo ya rufe ni, wani tsoho yana yi mini kwatance ina kallon bakinsa.

Malamin mutumin ƙasar Gwandu ne wanda ya yi karatu a Perugia, garin da ke da jami'ar da aka kafa musamman domin koya wa baƙi harshen Italiya, sannan ya zauna a ƙasar shekaru masu yawa kafin ya dawo gida. Ajin wani shago ne da aka sa wa benci huɗu da allo da fanka. Mu tara ne a zagayen da na shiga, akasarinmu 'yan kasuwa masu niyyar zuwa sarin takalma da tayil, sai wata ɗaliba da ta samu gurbin karatun digiri na biyu. Ana haɗuwa Asabar shida, awa biyu kowace rana, a tsakiyar mako kuma Malam yana turo saƙon murya ta WhatsApp, kowa ya maimaita da bakinsa ya mayar masa, shi kuma ya gyara wa mutum kafin dare. Kuɗin bai kai na buhun tsabar shinkafa ɗaya ba, kuma ya yarda a biya shi kashi biyu. Ya raba darasin gida huɗu, wato kasuwa da tashar jirgin ƙasa da asibiti da hanya, kuma kowa yana da damar faɗin inda yake so a fi tsananta masa. Ni na zaɓi hanya, saboda injiniyan da zai karɓe mu ya rubuto cewa al'adarsu ce duk ƙarshen mako su fita tattaki cikin duwatsu, kuma suna gayyatarmu. A wurinmu tafiyar ƙasa ta zuwa gona ce ko kasuwa ko zumunci, ba mu saba ɗaukarta a matsayin hutu ba, amma ni tun ina yaro da na fara ganin duwatsun Zuru nake da sha'awar in hau wani tsauni in ga abin da ke bayansa.

Abin da ya fi kome inganci a ajin nan shi ne yadda Malam ya kama mu daga inda muke tsaye, wato daga rubutun boko na Hausa. Ranar farko ya rubuta sunan Vercelli a allo ya ce wani ya karanta, aka karanta, ya ce to ga shi kun faɗe shi daidai, domin harafin c idan ya zo kafin e ko i a Italiyanci, sautinsa ɗaya ne da na “ciniki” da “cece-kuce”. Wasulan da ake rubutawa biyar ne kamar namu, kuma kusan yadda aka rubuta kalma haka ake faɗinta. Ya nuna mana cewa ninka baƙi, wanda ke wahalar da masu koyo daga wasu harsuna, mu da shi aka haife mu, tunda duk Bahaushe ya san bambancin “baba” da “babba”. Haka yake a can: “sete” ƙishirwa ce, “sette” kuma bakwai. Hatta jinsin kalmomi ya yi kusa da namu, domin yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne, kamar “strada” da “montagna” da “chiesa”, wato hanya da tsauni da coci, kamar yadda hanya da gada da ƙorama suke mata a wurinmu, kodayake kowane harshe yana da nasa 'yan tawaye. Namiji idan ya ɓace yana cewa “mi sono perso”, mace ta ce “mi sono persa”, Malam ya ce ku tuna ɓatacce da ɓatacciya. Cikin awa ɗaya tsoron harshen ya fita daga zuciyata, kuma ban ga yadda littafin da aka rubuta domin Bature zai iya yi mini wannan ba.

Daga nan ya juya kan inda harshenmu ke ba mu matsala, kuma bai ɓoye mana ba. Hausa ba ta raba p da f, mu kuwa mutanen Kabi da Sakkwato da muke cewa “hwari” da “tahiya” matsalar tamu ta ninka ta Bakano. Ya rubuta kalmomi biyu, “ponte” da “fonte”, ya ce ta farko gada ce, ta biyu kuma idon ruwa ne, kuma dukansu biyun abubuwa ne da ake yin kwatance da su a kan dutse, saboda haka wanda ya haɗa su zai nemi wurin ƙetarewa a tura shi wurin shan ruwa. Ya sa kowa ya buɗe kyamarar wayarsa ta gaba ya kalli bakinsa: a “ponte” leɓɓa biyu su haɗu su rufe ruf, a “fonte” haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa. Mako biyu ina yin wannan bayan sallar isha'i, ɗana babba yana riƙe mini takarda yana nuna kalma ina faɗi. Haka muka sha fama da v a “vicino” da “valle” da “bivio”, wato kusa da kwari da mararraba, da kuma baƙaƙen da ke cunkushe wuri ɗaya a “destra” da “sinistra”, dama da hagu, inda harshenmu ke son ya cusa wasali a tsakaninsu. Saƙon murya goma sha ɗaya na tura masa a kan “destra” kaɗai, kuma duk ya saurara ya amsa. A wannan fanni ban ga abin kushewa ba ko kaɗan.

Ya kuma koya mana ladabin tambaya, wanda a ganina rabin tambayar ne. Italiyanci yana da “tu” na tsara da yaro, da “Lei” na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba “ku”. Saboda haka baƙo ko dattijo ana ce masa “scusi”, ba “scusa” ba, kuma “ciao” ba gaisuwar da za a yi wa tsohon da ba a sani ba ce. Da safe “buongiorno”, da yamma “buonasera”, idan mutum ya rasa wadda ta dace ya ce “salve”. Malam ya ja kunnenmu cewa kada mu tafi da doguwar gaisuwarmu ta ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, domin mutumin da ke hawan tudu yana haki ba zai tsaya wa wannan ba. Gaisuwa ɗaya, neman afuwa ɗaya, sai tambaya. Ya ƙara da cewa a cikin birni mutane suna wuce juna shiru, amma a kan turbar dutse kusan kowa yana gaida wanda ya ci karo da shi, kuma na je na tarar haka abin yake. A nan ne na fi jin kamar ina gida.

Tambayoyin kansu ya buga mana su a kati ɗan daidai aljihu, ya lulluɓe shi da leda saboda ruwa da gumi. “Dov'è il sentiero per Oropa?”, ina turbar zuwa Oropa. “Questo sentiero porta al lago?”, turbar nan tana kai wa tafki. “È lontano?”, da nisa. “Quanto manca al rifugio?”, saura nawa a kai masauki. “C'è acqua più avanti?”, akwai ruwa a gaba. Akwai “non ho capito” na ban gane ba, da “può ripetere più lentamente?” na a maimaita a hankali, da “mi fa vedere sulla cartina?” na a nuna mini a taswira. A ƙasan katin ya sa “aiuto”, kiran neman agaji, da lambar gaggawa 112 wadda ke aiki a duk ƙasashen Tarayyar Turai, ta nan ne kuma ake samun masu ceto na kan duwatsu. Asabar ta biyar ya fitar da mu wani tudu a bayan gari mai kallon fadama, ya raba mu biyu-biyu, ɗaya ya tambaya ɗaya ya amsa da “a destra” ko “a sinistra” ko “sempre dritto”, wato miƙe sosai, wanda aka amsa wa kuma sai ya taka da ƙafarsa ya bi. A saman allo tun ranar farko ya rubuta karin maganar nan tamu, matambayi ba ya ɓata.

Gwajin farko ya zo mini da sauƙi. Asabar ɗinmu ta farko a Vercelli ni da abokina muka bi wani yanki na Via Francigena, tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada daga Canterbury ta Ingila zuwa Roma, wadda wani babban limamin coci mai suna Sigeric ya rubuta zangonninta 79 a shekarar 990, Vercelli kuma tana cikinsu. A wannan yanki hanyar tana ratsa gonakin shinkafa ne, ƙasa shimfiɗe kamar faifai, magudanan ruwa sun kekketa ta ko'ina. Babbar magudanar yankin ita ce Canale Cavour, wadda aka haƙa tsakanin 1863 da 1866, tana ɗebo ruwa daga kogin Po tana tafiyar fiye da kilomita 80. Mutumin Argungu ba zai ga wannan ya kasa tsayawa ba, har sauron ma irin na fadamarmu ne. A wata mararraba da alamar hanyar ta ɓace mana, muka tarar da wani manomi yana duba injin girbinsa. Na gaishe shi, na nemi afuwa, na tambaya. Ya ce “sempre dritto fino al ponte, poi a sinistra”, ya nuna da hannu. Kowace kalma na ji ta: a miƙe har gada, sannan hagu. Muka sami gadar inda ya ce. A daren na tura wa Malam saƙo na ce Allah ya saka da alheri, karatu ya yi rana.

Asabar ta biyu muka nufi duwatsu. Daga Vercelli aka shiga jirgin ƙasa ta Santhià zuwa Biella, daga nan mota ta hau da mu Oropa, wani babban wurin ziyarar Kiristoci da ke kusan mita 1,200 sama da teku, wanda hukumar UNESCO ta sa tsauninsa mai tsarki a jerin wuraren tarihi na duniya a 2003. A maƙabartar wurin ne aka binne Quintino Sella, tsohon ministan kuɗin Italiya wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar masu hawan duwatsu ta ƙasar, Club Alpino Italiano, a Turin a 1863, kuma tsarin alamomin wannan ƙungiya ne ake bi a yawancin turbobin. A nan ma Malam ya shirya mu da kyau. Ya gaya mana cewa za mu ga fenti ja da fari a jikin duwatsu da itatuwa, wani lokaci da lambar turbar a tsakiya, kuma muddin mutum ya daɗe yana tafiya bai ga fentin ba, to ya koma inda ya ga na ƙarshe. Ya gaya mana cewa allunan ba kilomita suka fi rubutawa ba, awa da minti suke rubutawa. Ya bayyana mana haruffan wahalar hanya: T ta kowa ce, E ta mai ƙwarin ƙafa da takalmi mai kyau, EE ta gwanaye, EEA kuma sai da igiya da kayan ɗaurewa. Ya ce kada ɗayanmu ya wuce E, kuma mun kiyaye.

Niyyarmu ita ce mu kai tafkin Mucrone, wanda ke kusan mita 1,900, a ƙarƙashin tsaunin Mucrone mai mita 2,335. Mun kai lafiya tare da injiniyan da abokansa, sai dai su sun ci gaba zuwa sama, mu kuma muka ce za mu juyo a hankali mu jira su a Oropa, tunda gwiwoyinmu na mutanen fili sun fara kuka. Bayan azahar hazo ya taso daga kwari, cikin 'yan mintuna ya rufe ko'ina har ba ka ganin abin da ya wuce taku ashirin. Ba irin hazonmu na hunturu mai ƙura ba ne, wannan jiƙaƙƙe ne mai sanyi, yana sauka a gira da gemu kamar raɓa. Muka iso inda hanya ta rabu biyu, babu allo, fentin kuma ba mu gan shi ba. Wayata ba ta da sabis, cajin ta abokina kuma sanyi ya cinye shi. Muka ji ƙarar ƙararrawar shanu, muka bi ta, muka tarar da wani tsohon makiyayi a bakin wata bukkar dutse, da sanda da kare, shanunsa jajaye masu roɗin fari suna kiwo a gefe.

Na tsaya daga nesa saboda karen, na ce “Buonasera, scusi, ci siamo persi. Questo sentiero porta a Oropa?” Na faɗe ta yadda aka koya mini, kowane harafi a wurinsa. Tsohon ya saki fuska, ya matso, ya buɗe baki ya zubo magana kamar an ɓalle madatsar ruwa, hannu yana sama yana ƙasa, kuma ina jin wasu kalmomin ma ba Italiyancin makaranta ba ne, na yaren Piemonte ne, wato jihar da Oropa take ciki, wanda tsofaffin yankin ke yi. A cikin jimla wajen goma na tsinci kalma uku: “torrente”, “ponte”, “sinistra”. Rafi, gada, hagu. Amma ban san ko hagun kafin gadar ba ne ko bayanta, ban san ko ya ce a bi rafin ko a guje shi ba. A wannan lokaci ne na gane abin da ajin ya yi mini da abin da bai yi ba. Kyawun furucin da Malam ya ba ni shi ne ya sa tsohon ya ɗauka na iya harshen, ya amsa mini kamar yadda zai amsa wa ɗan garinsu. An koya mini tambaya har na ƙware, ba a koya wa kunnena karɓar amsa ba, matambayin da ba ya jin amsa kuwa yana nan inda yake.

Abin da ya fisshe mu daga katin ya fito, wannan kuma dole in yaba wa Malam. Na ce “non ho capito, più lentamente, per favore”. Tsohon ya yi shiru, ya dube ni da kyau, sannan ya rage gudu. Ya maimaita wata kalma sau uku yana nuna ƙasa da sandarsa, “giù, giù, giù”, na gane gangara yake nufi. Da ya ga har yanzu ina wasi-wasi, sai ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu ya zana layi da bakin sanda, ya ɗora ɗan dutse ya ce “baita” yana nuna bukkarsa, ya ja wani layi a gicciye ya ce “torrente”, ya ɗora tsinke a kansa ya ce “ponte”, sannan ya kai sandar bayan tsinken ya karkata ta hagu ya ce “dopo il ponte”. Haka Bafulatani yake yi maka kwatancen mashaya a dajin Kabi, ba bambanci ko kaɗan. Na mayar masa da tambaya gajera wadda amsarta i ce ko a'a, ina taɓa zanen da yatsa: “dopo? a sinistra?” Ya ce “sì, bravo”. Na tambaye shi “quanto manca?”, ya karkaɗa hannu ya ce “un'oretta”. Na san “ora” awa ce, daga baya injiniyan ya bayyana mini cewa “un'oretta” tana nufin 'yar awa guda haka, ba a ƙayyade ba. Mu kusan awa biyu ta ɗauke mu, domin awar makiyayin da aka haifa a kan dutse daban take da ta mutumin fadama, haka ma lokutan da ke rubuce a allunan, na wanda ya saba ne.

Da na zauna a masauki na lissafa, sai na ga kalmomin da suka kusa hana ni gane kwatancen ƙanana ne ƙwarai, kuma babu ko ɗaya a katin: “su” da “giù”, sama da ƙasa, “prima” da “dopo”, kafin da bayan, “salita” da “discesa”, hawa da gangara, “tenete la sinistra”, ku riƙe hagu, wadda ta bambanta da a karya kwana hagu, “tornare indietro”, komawa baya, “baita” da “alpeggio”, bukkar dutse da makiyayar kan tsauni, “nebbia” da “temporale”, hazo da hadari mai tsawa. A fili dama da hagu da miƙe sun isa, a kan dutse kuwa rabin kwatance sama da ƙasa ne. Katin yana da tambayoyi da yawa, amsoshin da aka shirya mu mu ji kuma uku ne kacal. Babbar matsalar ita ce a mako shida ba mu ji muryar kowa ba sai ta Malam, mai magana a tsanake, yana raba kalmomi, da ɗan karin Hausa a ƙarƙashinta. Ko sau ɗaya bai kunna mana muryar Ba'italiye yana magana da saurinsa na yau da kullum ba, alhali yana da abokai a can waɗanda za su iya turo masa saƙon minti ɗaya kyauta. A ganina da ya rage Asabar ɗaya daga gyaran furuci ya ba sauraro, da ajin ya cika.

Akwai wasu ƙananan kurakurai da ya kamata mai niyyar shiga ya sani. An yi gaggawa a kan lambobi, har na je can ina rikita “sessanta” da “settanta”, sittin da saba'in. Takardun darasin an buga su babu 'yar alamar da ke kan wasali, alhali “è” da “e” kalmomi biyu ne daban, ɗaya “ne” ɗaya “da”. Wata Asabar kuma na taso daga Argungu tun da sassafe na tarar an ɗage ajin ba a sanar ba, kodayake Malam ya ba ni haƙuri ya rama mini ta waya ranar Lahadi.

Wani abin da ya ƙara mana wanda ba ya cikin jadawali, kuma na ji daɗinsa ƙwarai, shi ne maganar abinci da ruwa. Ya koya mana “non mangio carne di maiale”, ba na cin naman alade, ya kuma gargaɗe mu cewa kalmar “maiale” ba ta cika fitowa a takardar abinci ba, sai dai “prosciutto” da “pancetta” da “lardo” da “salame” da “strutto”. Wannan ya amfane ni a Vercelli, inda abincin da suke alfahari da shi, panissa, dafa-dukar shinkafa da wake ce da ta yi kama da tamu a ido, amma ana sa mata naman alade da jan giya. A Oropa kuwa na ci polenta concia, tuwon masara mai laushi da aka narka wa cuku da man shanu, bayan na tambaya an tabbatar mini babu nama a ciki. Ya kuma ce mu duba jikin kowane famfo na kan hanya, idan an rubuta “acqua non potabile” to ba na sha ba ne. Ya tuna mana cewa alƙibla a arewacin Italiya kudu maso gabas take, kada mu tsaya muna fuskantar gabas kamar a gida, da wannan na yi azahar a bakin tafkin.

Wasu sun ce mini me ya sa zan biya kuɗi alhali akwai manhajar fassara a waya. Manhajar tana da amfani, musamman idan an sauke harshen tun daga gida yadda zai yi aiki ba tare da intanet ba, kuma na yi aiki da ita a masana'anta wajen karanta littafin injin. Amma tana rayuwa ne da caji, sanyin kan dutse kuma yana shanye batir da sauri, sannan tsohon makiyayin nan ban ga alamar zai tsaya yana magana cikin waya ba. Ya tsuguna ya yi mini zane ne saboda na gaishe shi da harshensa na kuma girmama shi da “scusi”. Ga ɗan kasuwar da zai tsaya Milan tsakanin tasha da otal da shago, ajin yadda yake ya wadatar. Wanda kuma zai bar gari ya shiga ƙauye ko ya hau dutse, ina ba shi shawara ya shiga, amma ya nemi Malam tun ranar farko ya riƙa yi masa kwatance mai tsawo da sauri, ya kuma nemi muryoyin 'yan ƙasar ya riƙa saurare kullum ko da na minti goma ne.

Mako guda da dawowata na je Birnin Kebbi na kai wa Malam tsarabar shinkafar Italiya da ake kira Carnaroli kilo ɗaya, na zauna na ba shi labarin mararrabar tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Injiniya, ka yi gaskiya, ni a birni na zauna, dutsen nan sau biyu kawai na taɓa hawa.” Ya ɗauko biro ya ce in faɗo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta su, ya ce zai nemi wani tsohon abokin karatunsa ya turo masa kwatance da murya domin zagaye na gaba. Katina yana hannun wani matashi ɗan Yawuri da zai tafi koyon gyaran famfunan ban-ruwa, na manna takarda a bayansa na rubuta masa “su” da “giù” da “prima” da “dopo” da “nebbia”, a ƙasa kuma na ƙara masa cewa idan aka ce “un'oretta” ya lissafa awa biyu, ya kuma juyo daga dutse kafin la'asar.